BAƘON DA KE SHIGOWA CIKIN KAYA

Ya ku 'yan'uwana 'yan makaranta, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so mu ɗan tattauna a kan wani al'amari wanda ya shafi cikin kowa, watau yadda ƙwari da cututtukan shuka ke tashi daga wata ƙasa su sauka a wata, da kuma abin da matafiyi zai yi don kada ya zama shi ne ya ɗauko su.

Abubuwa uku ne manomi ya fi jin tsoro a shekara: fari, da ambaliya, da annobar ƙwari. Fari da ambaliya daga sama su ke, ba abin da ɗan Adam zai yi sai addu'a da dabara. Amma ta ukun, sau da yawa ta hanyar mota ta ke zuwa. Tsutsar da ba ta iya rarrafa tsawon kadada ɗaya a rayuwarta, in ta sami kwando ta shige, sai ta kwana a Zariya ta wayi gari a Ikko. Ba ta biya kuɗin mota ba, ba ta kuwa nemi iznin kowa ba. Mutum ne ya ɗauke ta, bai sani ba.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, mu mutanen Likoro da Hunkuyi da Kudan da Makarfi da Ikara. Ƙasarmu tana tsakanin Zariya da Kano, hanyar fatake ce tun zamanin da. Rake da mazarƙwaila, da tumatir da tattasai da attarugu da albasa, da masara da dawa, duk suna fita daga nan zuwa nesa. Kwanduna da buhuna da iri da 'yan ƙwadago kuwa suna shigowa. Duk garin da kaya ke shiga suna fita haka, lalle ne mutanensa su san abin da ke iya biyo kayan.

TAFIYA BA LAIFI BA CE

Kada wani ya zaci ina cewa a daina tafiya, ko a daina kawo sabon iri. Ai yawancin abin da mu ke nomawa yau baƙi ne. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono da dankali duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne, sun iso Afirka ne bayan da jiragen ruwan Turawa suka fara ƙetare teku, shekaru 500 da 'yan kai da suka wuce. Mangwaro da dogon yaro daga wajen Indiya su ke. Rake ma, wanda aka san ƙasar Makarfi da Kudan da shi, asalinsa daga can gabas mai nisa ne. Matafiya ne suka kawo mana su, mun kuwa gode.

Abin lura shi ne, kowace shuka tana da abokan gabanta a ƙasarta ta asali, su kuma abokan gaban nan suna da masu cin su: tsuntsaye, da gizo-gizo, da ƙananan zanzaro, da sauransu. Saboda haka a can ba su cika yin yawan da za su gagara ba. To, idan ƙwaro ya ƙetaro zuwa sabuwar ƙasa, abincinsa ya ke tararwa jingim, masu cinsa kuwa ya baro su a baya. Wannan shi ne dalilin da ya sa baƙon ƙwaro ya fi na gida ɓarna. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Wannan baƙon kam ba raɓa ba ne, in ya sauka ya zauna ke nan.

LABARIN SHARON

Babu manomin tumatir a ƙasar nan da bai san Sharon ba. Masana suna kiranta Tuta absoluta. Uwarta wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai fiffike, dangin malam-buɗe-littafi, mai yawo da dare, tsawonsa bai wuce na ƙwayar shinkafa ba. Tana saka ƙwai a ganye, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ganyen ta shige tsakiyarsa tana ci, daga nan ta koma kan kara da 'ya'yan tumatir. Da ya ke a cikin ganye ta ke, maganin feshi ba ya samunta sosai. Cikin 'yan kwanaki sai a ga lambu kamar an bi shi da wuta.

Ku dubi tafiyar da ta yi. A ƙasar Peru, a Amurka ta Kudu, masana suka fara saninta a 1917. Ta daɗe a wannan nahiya ba ta fita ba. A ƙarshen 2006 aka gan ta a Sifen, a Turai. A 2008 ta shiga Maroko da Aljeriya da Tunisiya. A 2012 aka ba da labarinta a Senegal, a 2013 a Jamhuriyar Nijar, a 2015 kuwa ga ta a Nijeriya. Ko da ya ke tana iya tashi, iska kuma tana taimakonta daga lambu zuwa lambu, ba ta da ƙarfin da za ta ƙetare teku. Abin da ya ƙetarar da ita shi ne ciniki: tumatir ɗin kansa, da irin dashe, da akwatunan da a ke zuba shi.

A 2016 ta nuna mana ko ita wace ce. A watan Mayu na wannan shekara Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, ta ce annobar ta taɓa kimanin kashi 80 cikin 100 na gonakin tumatir a jihar. Masana'antar tumatirin gwangwani ta Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano, wadda ba ta daɗe da buɗewa ba, ta tsaya saboda rashin tumatir. Farashin kwando ya ninka sau da dama, har tumatir ya gagari talaka a birane. Manomi kuwa bai ci ribar tsadar ba, domin ba shi da abin sayarwa, ga bashin taki da na man injin ban-ruwa. Ba ta kuwa tafi ba. Ta sake tasowa da ƙarfi a 2023 da 2024.

Ga wani ɗan lissafi ga masu son darasin lissafi. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai fiye da 200, kuma a lokacin zafi wata guda ya ishi ƙwai ya zama uwa. Mu ƙaddara ƙwai 200 ne, rabi mata, kuma duk sun rayu. Bayan wata ɗaya muna da mata 100. Bayan wata biyu, 100 sau 100, watau 10,000. Bayan wata uku, 1,000,000. Gaskiya ne ba duka ke rayuwa ba, da yawa suna mutuwa. Amma ko kashi ɗaya cikin goma ne ya tsira a kowane zagaye, lissafin ya isa ya nuna mana cewa kwando ɗaya mai ɗauke da uwa ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

BA SHARON KAƊAI BA

A watan Janairu na 2016 aka fara ganin wata sabuwar tsutsar masara a kudu maso yammacin Nijeriya. Ita ce wadda ke shiga cikin kunnen masara ta cinye, ta bar kashi kamar dusar katako. Ita ma daga nahiyar Amurka ta ke, kuma a ƙasarmu da maƙwabtanmu aka fara ganinta a duk Afirka. Kafin ƙarshen 2018 ta gama yawancin ƙasashen Afirka ta isa Indiya, a 2019 ta shiga Sin, a 2020 ta kai Ostareliya. Uwar wannan tsutsa tana iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya, saboda haka da ta shigo, tare ta ya gagara. Ƙofar da za a iya rufewa ita ce ta farko, wadda ta shigo ta cikinta.

Kafin wannan akwai ƙwaron rogo, mai farin gari a jiki kamar auduga. A 1973 aka fara ganinsa a Kwango, ya zo ne a jikin karan rogo da aka kawo daga Amurka ta Kudu don shukawa. Kafin 1980 ya iso Nijeriya, ya kusa raba miliyoyin mutane da abincinsu. Sai da masanan Cibiyar IITA ta Ibadan, a ƙarƙashin Dokta Hans Herren, suka samo wani ɗan ƙaramin zanzaro mai kashe shi daga ƙasar Paraguwai, suka fara sakinsa a 1981, sa'an nan aka sami sa'ida. Karan rogo kaɗan ne suka jawo wannan aiki na shekara da shekaru.

Akwai kuma ƙwaron rumbu mai huda masara tun tana jikin totuwa ya mai da ita gari, wanda har itacen rumbun ya ke ci. Daga Amurka ta Tsakiya ya ke. An fara ganinsa a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, sa'an nan a Togo a 1984, daga nan ya bazu a Afirka ta Yamma cikin buhunan hatsi.

In mun dawo gida, a 2023 wata cuta dangin fumfuna ta faɗa wa citta a kudancin jiharmu, a ƙasashen Kachia da Jaba da Kagarko, ta ruɓar da ita tun tana ƙasa. Manoma da yawa sun rasa amfanin shekarar, sun kuma rasa irin da za su shuka baɗi. Cuta irin wannan a jikin irin citta da cikin ƙasa ta ke zama, saboda haka duk wanda ya sayi iri daga gonar da ta kamu, ya sayo har da ita.

In kuna son ku ga iyakar abin da cutar shuka ke iya yi, ku karanta tarihin ƙasar Ailan. A 1845 wata cuta ta ƙetaro teku daga Amurka ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne tuwon talakawan ƙasar. Cikin 'yan shekaru mutum wajen 1,000,000 suka mutu saboda yunwa da cututtukan da ke bin ta, wasu fiye da haka suka yi ƙaura.

Don kada mu yi rashin adalci, ba kowace annoba ce mutum ke ɗaukowa ba. Kuturtar gyaɗa da ta yi mummunar ɓarna a Arewa a 1975 darɓa ce ke yaɗa ta, fāri kuwa da fiffikensu su ke zuwa. Waɗannan ba ruwan matafiyi. Maganarmu a kan waɗanda ba su iya zuwa sai an kawo su ne.

MAƁOYA HUƊU

Wanda zai kama ɓarawo sai ya san inda ya ke laɓewa. Wurare huɗu ne ƙwari da cuta ke ɓuya a kayan matafiyi.

Na farko, iri. Wannan ya haɗa da ƙwayar hatsi, da irin dashe na tumatir da tattasai da albasa, da gaɓar rake, da karan rogo, da yaɗon dankali, da 'ya'yan itatuwa na dashe. Shi ne ya fi kowanne hatsari, domin shi kai tsaye gona za a kai shi, a binne, a ba shi ruwa. Burtuntuna a jikin ƙwayar dawa ta ke kwana. Cutar nan ta rake da ke fitar da wani baƙin abu kamar bulala a ƙoƙuwarsa tana bin gaɓar da aka sara daga gonar da ta kamu. Irin da ya fito daga jikin uwa, irin su rake da rogo da dankali da citta, duk cutar da uwar ke da ita da shi ta ke tafiya, ko da ido bai ga alama ba.

Wuta-wuta ma, wadda wasu ke kira ƙuduji, ta nan ta fi bi. Tushe ɗaya yana iya zubar da 'ya'ya fiye da 50,000, ƙanana kamar ƙura, kuma suna iya zama a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran saiwar dawa ko masara. Masanan IITA sun bincika a shekarun 1990 don su san abin da ya fi yaɗa ta, ko iska, ko shanu, ko iri. Suka tarar iska ba ta kai ta nesa, shanu suna ɗan taimakawa, amma babbar hanyarta ita ce hatsin kasuwa da a ke saye a shuka. Dalili kuwa, a ƙasa a ke zube dawa in an girbe, a ƙasa a ke sussuka, ƙurar ta manne. Wani danginta ya shiga Amurka, aka gano shi a jihar Karolina ta Arewa a 1956. Duk da kuɗinsu da injunansu, sun fi shekara 50 suna fama da shi.

Na biyu, ƙasa. Laka da ta manne a takalmi, ko fartanya, ko garmar shanu, ko tayar tarakta ta haya da ke fita daga wannan gona ta shiga waccan, tana ɗauke da abin da ido ba ya gani. A cikinta akwai 'ya'yan wuta-wuta, da wata tsutsa 'yar mitsitsiya mai sa saiwar tumatir ta yi ƙulu-ƙulu, da ƙwayar cutar da ke sa tumatir ya yanƙwane farat ɗaya alhali ganyensa kore ne shar. Cutar da ta shiga ƙasa kuwa, feshi ba ya fitar da ita.

Na uku, mazubi: kwando, da buhu, da ciyawa ko ganyen da a ke shimfiɗawa a gindin kwando, da bayan motar kanta. Kwandon da ya je kasuwar Mil 12 a Ikko ya haɗu da kwandunan jihohi da dama, sa'an nan ya dawo fanko, aka sauke shi a bakin lambu. Mu a ganinmu fanko ne. Amma tsutsar Sharon in ta ƙoshi takan naɗe kanta ta kwanta a cikin saƙar kwando, bayan 'yan kwanaki ta fito da fiffike. Tsohon buhu kuwa, a ɗinkinsa ƙwaron hatsi da ƙwansa ke maƙalewa.

Na huɗu, amfanin gona da kansa, watau tsaraba da guzuri. Akwai wani ƙudan mangwaro ɗan asalin Asiya da aka fara gani a Kenya a 2003, ba da daɗewa ba ya iso Afirka ta Yamma. Yana saka ƙwai a cikin mangwaro da lemo da gwaiba. Matafiyi ya sayi mangwaro a hanya, ya ɓare ya ga tsutsa, sai ya wurgar ta tagar mota. Tsutsar ta fita ta shige ƙasa, bayan mako ɗaya ko biyu ta fito ƙuda, a garin da ba ta taɓa zuwa ba.

DARASIN ZAURE

Maganin wannan abu ba sabo ba ne a wurin Bahaushe. In baƙo ya yi sallama, ba a korarsa, ba a kuwa zarcewa da shi cikin gida. A zaure a ke saukar da shi, a ba shi ruwa, a gaisa, a san ko shi wane ne. Abin da masana ke kira killacewa ke nan. Malamanmu na addini ma sun karantar da mu cewa an hana shiga garin da annoba ta ɓulla, an kuma hana na ciki fita. Gona ma tana bukatar zaurenta. Ga yadda za a yi.

1. A raba abin ci da abin shuka. Hatsin da aka sayo a kasuwa, ko aka kawo tsaraba, tukunya ce wurinsa. Iri kuwa a nemo shi inda aka san asalinsa: gonarka mai lafiya, ko maƙwabcin da ka ga gonarsa da idonka tun tana tsaye, ko kamfanin iri mai rajista wanda buhunsa ke ɗauke da shaidar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa. Mu kam Allah ya hutar da mu, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a kusa da mu, wadda aka kafa tun 1922. Irin da sunansa ya fara da SAMMAZ ko SAMSORG ko SAMNUT ko SAMPEA, watau masara da dawa da gyaɗa da wake, daga can ya fito. Kafin a shuka kuma a cuɗa shi da maganin iri.

2. In ka ga wani iri a tafiya ya ba ka sha'awa, fara tambayar malamin gona. In har ka kawo shi, kada ka haɗa shi da naka. Ka shuka shi a wani lungu nesa da babbar gona, ka zuba masa ido har shekarar ta ƙare. In ya nuna wata alama, ka tuge ka ƙone. Asarar kunya biyu ta fi asarar kadada.

3. Wanda zai yi lambu ya yi ƙoƙari ya reni irinsa da kansa. In dole sai an saya, a je inda aka rene shi a gani. A juya bayan ganye, a duba ko akwai farin zane kamar an bi da allura, a tuge ɗaya a dubi saiwa. Araha ba ta ado: damin dashe mai rahusa yana iya cinye kuɗin shekara.

4. A kankare laka daga takalmi da fartanya da garma da taya tun a gonar da aka gama aiki, ba a wadda za a shiga ba. Mai gonar da ya ɗauko tarakta yana da ikon ya ce a wanke ta tukuna. Adda da wuƙar saran irin rake a riƙa tsoma su cikin ruwan bilic, ko a ɗan gasa bakinsu a wuta, kafin a koma wata gona. Mai shan taba ko mai murza ta ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa tumatir ko tattasai, domin akwai cutar taba da ke kama su ta hannu.

5. Kada a sauke kwandunan da suka dawo daga kasuwa a bakin lambu. A sauke su a gari, a kakkaɓe, a ƙone shimfiɗar da ke ciki, a shanya su a rana sosai. Akwatin roba ya fi kwando ta wannan fuska, domin yana wankuwa da sabulu. Tsohon buhu a juya cikinsa waje, a tsoma a tafasasshen ruwa, a shanya. Direba kuwa ya share bayan motarsa kafin sabon lodi, ya ƙone sharar, kada ya zubar a gefen gonar mutane.

6. Baƙon hatsi kada ya shiga rumbu ɗaya da na gida sai an shanya shi an duba. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda a ke kira PICS, in an ɗaure shi da kyau ƙwaron da ke ciki yakan mutu don rashin iska, ba tare da an zuba magani ba.

7. Ruɓaɓɓen mangwaro ko tumatir ba a wurgar da shi a hanya ko a bakin rafi. A ƙulle shi a baƙar leda a ajiye a rana 'yan kwanaki, ko a binne shi da zurfi, kamar kamu ɗaya ko fiye.

8. Zaure ƙofar fita ce kuma. In cuta ta kama gonarka, kada ka sayar da irinta, kada ka ba da shi kyauta. Sayar da abu a ɓoye aibinsa algus ne, kowa ya san hukuncinsa. Algus na mudu kwana ɗaya ya ke cutarwa, na iri kuwa yana iya cutar da gari guda shekara goma. Ka gaya wa maƙwabta da malamin gona tun da wuri. Ba abin kunya ba ne, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa, ba zai kuwa shafa ba sai ya ji labari.

MASU ƘETARE IYAKA

Ga alhazai da 'yan kasuwa da ɗalibai masu fita waje, akwai doka. Tun 1951 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Rum a kan kare tsirrai, a ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Wannan hukuma ta ƙiyasta cewa ƙwari da cututtuka suna cinye har kashi 40 cikin 100 na amfanin gonar duniya kowace shekara, shi ya sa aka keɓe ranar 12 ga Mayu ta zama ranar lafiyar tsirrai ta duniya. A Nijeriya akwai hukumar killace tsirrai da dabbobi, wadda a ke kira NAQS a taƙaice, tana da ma'aikata a filayen jirgin sama da tashoshin jiragen ruwa da kan iyaka. Wanda zai shigo da iri ko dashe sai ya nemi izni tun kafin ya tafi, ya kuma zo da takardar shaidar lafiyar kayan daga ƙasar da ya ɗauko su.

Alhaji ya kawo mana dabino mu ci mu sa albarka. Amma ɗan dabino na dashe, ko wani fure mai ƙasa a gindinsa, a bar shi can. Ƙasar Saudiyya kanta tun shekarun 1980 ta ke fama da wani jan ƙwaro mai cin cikin bishiyar dabino, wanda ya fi yaɗuwa ta hanyar 'ya'yan dashe. In ma'aikaci ya tambaye ka abin da ke cikin jakarka, gaya masa gaskiya. Gonarka ya ke tsaro.

Sai dai ku lura, babu ma'aikacin da ke tsaye tsakanin Kachia da Likoro, ko tsakanin Kadawa da Ikara, yana buɗe jakar kowa. A nan mai gadin shi ne matafiyin da kansa.

AIKINMU, MU 'YAN MAKARANTA

Mu ma matafiya ne. Sau uku a shekara mu ke ɗaure akwati mu tafi hutu mu dawo, wasunmu daga nesa. Mu fara da kanmu: kada mu ɗauko reshen fure ko irin wata shuka don kawai ta ba mu sha'awa, mu kuma wanke takalmanmu da fartanyarmu kafin mu shiga gonar makaranta, da kafin mu koma ta gida.

Bayan haka, mu ne idon iyayenmu a kan takarda. Mu karanta musu abin da ke rubuce a buhun iri da kwalbar magani. In mun ga wani ƙwaro ko wata alama da dattawan gari suka ce ba su taɓa gani ba, kada mu yi shiru. A ɗauki hotonsa da waya, ko a sa shi a kwalba a rufe, a kai wa malamin gona ko ofishin aikin gona na ƙaramar hukuma. Kada a ɗauki shukar a buɗe ana yawo da ita gari gari ana nunawa, wannan ma yaɗawa ce. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Abin da za a iya ƙonewa yau a kunya ɗaya, in an bar shi sai baɗi, ya fi ƙarfin gwamnati.

Iyayenmu kuma muna roƙonsu, don Allah, in yaro ya ce a wanke garma ko a shanya kwando, kada a ɗauka rashin kunya ce ko iyayin boko. Abin da aka koya mana ne, kuma rumbu ɗaya mu ke ci.

Daga ƙarshe, duk wanda zai ɗaura kaya ya tambayi kansa abu uku: Mene ne a cikin kayan nan wanda zai iya tsira? Akwai ƙasa ko ganye a jikinsa? Ina zan sauke shi in na isa? Wanda ya amsa waɗannan kafin ya hau mota ya yi wa garinsu aikin da buhun magani ɗari ba zai yi ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai albarka, ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su da alheri. Amin. Wassalam.